DARIYA DA HAWAYE A GIDA ƊAYA: WASAN KWAIKWAYON BAN DARIYA NA YAHUDAWA GAME DA IYALI DA ADDINI

Shugaban wannan zama, shugabannin sassa, 'yan'uwana malamai, ma'aikatan gwamnati da suka baro ayyukansu suka zo, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum.

Tun ran da aka liƙa sanarwar wannan lacca mutane da dama suka tare ni da tambaya guda, watau me ya haɗa kifi da kaska, me ya kai malamin Hausa ga wasan Yahudawa? Tambaya ce mai kyau, kuma da amsarta zan fara. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje, wani abokin karatuna ya ja ni wani ɗan ƙaramin gidan wasa, muka kalli labarin wani matalaucin mai sayar da madara da 'ya'yansa mata. An yi ta dariya har ana riƙe ciki. Da aka zo wurin da uban ya juya wa 'yarsa ta uku baya saboda mijin da ta zaɓa, sai ɗakin ya yi tsit, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ciro hankici. Ni kuwa ba Rasha nake gani ba a lokacin nan, wani zaure nake gani a unguwarmu, da wani dattijo wanda ya rantse 'yarsa ba za ta ƙara taka gidansa ba, ya kuma rasu bai janye rantsuwar ba. Tun daga wannan dare na ƙudura in bi sawun irin waɗannan wasanni in ga yadda suke yi har su sa mutum dariya a kan abin da ya kamata ya sa shi kuka.

Kafin in shiga, ya kamata in share hanya. Wannan lacca ba ta siyasar Gabas ta Tsakiya ba ce. Tushen wasannin da zan kawo ya girmi kafuwar Isra'ila a 1948 da shekaru masu yawa, an haife su a ƙauyukan Gabashin Turai, suka yi girma a birnin Niyok na Amurka. Mutanen da ke cikinsu teloli ne, da mahauta, da 'yan kasuwa, da iyaye mata masu neman wa 'ya'yansu miji. Aikin mai nazarin adabi shi ne ya dubi mutum a cikin gidansa, to a nan za mu tsaya.

ASALIN WASAN

Wasan kwaikwayon Yahudawan Turai daga biki ya fito. Suna da wata salla da ake kira Purim, wadda suke tunawa da labarin Esta, matar sarkin Farisa, wadda ta kuɓutar da mutanenta daga makircin wani waziri mai suna Haman. A lura, wannan ba Hamana na Fir'auna ba ne, wani ne dabam. Tun wajen ƙarni na 16, idan wannan salla ta zo, samari sukan yi shigar ban dariya su bi gida gida suna kwaikwayon sarki da waziri, har da malamansu da attajiransu, a ba su abinci ko 'yan kuɗi. Duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san wannan tsari: an ware 'yan kwanaki a shekara waɗanda yaro yake da izinin tsokanar babba, kuma babban ba shi da damar yin fushi.

Harshen da ake yin wasan da shi ana kiransa Yidish. Asalinsa daga tsohon Jamusanci ne, ya ɗebo kalmomi daga Ibrananci da harsunan Polan da Rasha, ana rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci. Ibrananci shi ne harshen addu'a da littafi, Yidish kuwa harshen kasuwa da madafa da faɗan miji da mata. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da barkwanci ya zauna a cikinsa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu magana da shi sun kai wajen miliyan 11.

A shekarar 1876, a garin Iasi na ƙasar Romaniya, wani mawaƙi mai suna Abraham Goldfaden ya kafa ƙungiyar 'yan wasa ta farko da ta mai da wasa da Yidish sana'a. Cikin wasanninsa na farko akwai wanda ya fito a 1880, labarin Kuni-Leml biyu. Wani uba mai tsananin riƙo da addini ya yi niyyar ba da 'yarsa ga Kuni-Leml, gurgu mai i'ina, don kawai ɗan gidan malamai ne. Yarinyar kuwa wani ɗalibin jami'a take so. Sai ɗalibin ya yi shigar Kuni-Leml, ya riga shi zuwa gidan, har aka kai ga na gaskiyan ya shiga shakkar ko shi ne shi. A riƙe wannan dabara ta sojan gona, domin za mu sake gamuwa da ita har sau biyu a nan gaba.

Wannan sana'a ba ta daɗe tana jin daɗi a Gabashin Turai ba. A 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu, aka bi Yahudawa da hare-hare a garuruwa da yawa, a 1883 kuma gwamnatin Rasha ta hana wasa da Yidish. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa wajen miliyan 2 suka bar Gabashin Turai zuwa Amurka, 'yan wasa suka bi 'yan kallonsu. Ashe ke nan tun daga farko wasan na mutanen da ƙasa ke motsi a ƙarƙashin ƙafarsu ne.

DARIYA IRI BIYU

Akwai bambanci tsakanin a yi wa mutum dariya da a yi dariya tare da shi, kuma ba za a fahimci darajar waɗannan wasanni ba sai an san abin da ya gabace su. Da yawa daga cikinku sun karanta The Merchant of Venice na Shakespeare a makarantar sakandare, wasu kuma sun san shi da Hausa da sunan Matsolon Attajiri. A kundin wasanninsa da aka buga a 1623, cikin wasannin ban dariya aka jera shi. To me ya faru da Bayahuden da ke ciki, watau Shylock? 'Yarsa Jessica ta kwashe masa dukiya ta gudu da saurayi Kirista, a kotu aka raba shi da abin da ya mallaka, aka kuma tilasta masa barin addininsa. Sa'an nan sauran 'yan wasa suka koma gida cikin murna. Ko da yake Shakespeare ya sa wa Shylock magana mai ratsa zuciya a baki, duk da haka daga waje aka hango shi, baƙin cikinsa kuwa shi ne farin cikin wasan.

Yanzu a ɗauki wannan labari kansa, uba Bayahude wanda 'yarsa ta bi wani daga waje, a miƙa alƙalamin ga ɗan gida. Abin da ya faru ke nan da Tevye.

TEVYE DA 'YA'YANSA MATA

Marubucin da ya ƙago Tevye sunansa na yanka Solomon Rabinovich, an haife shi a 1859 a Pereyaslav, cikin ƙasar Yukren ta yau, ya rasu a Niyok a 1916. Sunan da ya sa wa kansa na rubutu shi ne Sholem Aleichem, wanda ba komai ba ne illa gaisuwar da na buɗe wannan lacca da ita, a bakin Yahudawa. Ya fara labaran Tevye a 1894, ya yi ta ƙara su har tsawon shekara 20. A wasiyyarsa ya roƙi iyalinsa, duk shekara ran tunawa da rasuwarsa, su taru su karanta ɗaya daga cikin labaransa masu ban dariya. Wannan wasiyya kaɗai ta isa ta nuna mana irin mutumin.

Tevye talaka ne mai keken doki, yana kai madara da man shanu gidajen masu hali. Halayensa biyu su ne maɓuɓɓugar dariya. Na farko, ba ya buɗe baki sai ya jawo aya ko maganar malamai, amma sau da yawa fassarar da yake yi mata ba ta haɗa hanya da ma'anarta ba. Kowannenmu ya san irin wannan dattijo. Na biyu, yana hira da Ubangijinsa kamar yadda mutum ke yi wa babban aboki ƙorafi, ya yi gunaguni game da talauci da gurgun doki, sa'an nan ya yi godiya ya ci gaba da tafiya. Mai kallo yana dariya, amma ba ya raina imanin Tevye, domin ya ga cewa wannan imani shi ne igiyar da ta ɗaure rayuwarsa.

A 1964 aka mai da labaran wasan dandamali mai waƙe-waƙe da Turanci, aka sa masa suna Fiddler on the Roof, watau mai goge a kan rufin ɗaki. Joseph Stein ya tsara labarin, Jerry Bock ya yi kiɗa, Sheldon Harnick ya rubuta waƙoƙi, Jerome Robbins ya shirya wasan, Zero Mostel ya fito a Tevye. An buɗe shi ran 22 ga Satumba 1964 a unguwar gidajen wasa ta Broadway, aka yi shi sau 3,242 kafin a rufe a 1972, abin da babu wani wasa da ya taɓa kaiwa a wannan unguwa kafin lokacin. A 1971 aka yi fim ɗinsa.

Tsarin wasan kamar hawan matakala yake. An kafa shi a wani ƙauye mai suna Anatevka a 1905. 'Yar fari, Tzeitel, mai dalilin aure ta samo mata wani mahauci attajiri wanda ya girmi ubanta, uban ya ba da ita, ita kuwa wani matalaucin tela take so. Tevye ya sauko, amma yaya zai gaya wa matarsa Golde? Sai ya ƙirƙiro mafarkin ƙarya, wai matar mahaucin ta farko ta taso daga kabari tana barazana, Golde da kanta ta ce a fasa. Wannan mataki na farko dariya ce zalla, abin da aka karya kawai shi ne ikon mai dalilin aure. Ta biyu, Hodel, wani ɗalibi ɗan juyin juya hali ta zaɓa, kuma ba izinin uban suka nema ba, albarkarsa kaɗai suka roƙa. Aka kama saurayin aka kai shi Saiberiya, ta bi shi. Nan dariya ta fara gauraya da hawaye, abin da aka karya kuwa ikon uba ne. Ta uku, Chava, wani saurayi Kirista mai suna Fyedka ta aura. A kan biyun farko Tevye yakan auna magana ta nan, ya auna ta can, ya sami wurin da zai lanƙwasa. A kan ta uku ma'aunin ya karye, ya ce ta mutu.

Dole in yi bayani kaɗan a nan don a ga nauyin abin. A shari'ar Yahudawa aure da wanda ba Bayahude ba haramun ne, ga namiji da mace duka. Su kuma 'yan tsiraru ne a tsakiyar jama'ar da ke tsangwamarsu, saboda haka duk ɗan da ya fita kamar an ɓalle tubali ne daga katangar da ta riga ta tsage. A cikin labarin Sholem Aleichem na asali, Tevye da matarsa har zaman makokin kwana bakwai suka yi wa Chava alhali tana da rai. Daga baya ta tare shi a hanya cikin daji, ya kaɗa dokinsa ya wuce, amma yana tafe yana tambayar kansa dalilin da ya sa aka halicci mutane kashi kashi.

Yadda aka ƙare labarin a littafi da yadda aka ƙare shi a dandamali ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da muhimmanci. A littafi, sa'ad da hukuma ta kori Yahudawa daga ƙauyen, Chava ta bar mijinta ta dawo ta bi ubanta gudun hijira. A wasan 1964 kuwa tana tare da mijinta, su ma sun yanke shawarar barin garin don ba za su zauna cikin masu wannan zalunci ba. Suka zo sallama, Tevye bai dube ta ba, amma ya yi mata addu'a ƙasa-ƙasa, ya bar yayarta ta isar. Marubucin farko yana rubuta wa mutanen da ke ganin hanyar gyara ɗaya ce, wanda ya fita ya dawo. Na 1964 suna rubuta wa 'yan Amurka waɗanda 'ya'yansu suka fara irin wannan aure kuma ba su da niyyar dawowa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tevye na dandamali ya ɗaga wuƙa, ya kasa ƙarasa yankan.

Ba kowa ne ya yaba ba. Mai sharhin adabi Irving Howe ya soki wasan tun a 1964, yana ganin an zuba wa rayuwar ƙauyukan nan zuma fiye da kima. Akwai gaskiya a sukarsa, domin a littafi ɗaya daga cikin 'ya'yan Tevye ruwa ta faɗa ta kashe kanta, Golde ta rasu, telan nan ma ya rasu, duk an cire waɗannan. Sa'an nan masu kallo na 1964 sun san abin da Tevye bai sani ba, watau cewa tsakanin 1939 da 1945 'yan Nazi sun hallaka Yahudawa miliyan 6, mafi yawansu masu magana da Yidish, irin waɗannan ƙauyuka kuma an shafe su. Amma wasan ya yi tafiya mai nisa. An yi shi a Tokyo a 1967, Joseph Stein kuma ya sha ba da labarin wani Bajapane da ya tambaye shi ko Amurkawa suna gane wasan, tun da yake a ganinsa labarin Japanawa ne. A 2018 aka sake yin sa a Niyok da harshen Yidish, watau ya koma bakin da ya fito.

SOJAN GONA A AMURKA

Tun kafin Fiddler, dandamalin Amurka ya riga ya gano cewa auren gauraye yana kawo kuɗi. A 1922 wata marubuciya mai suna Anne Nichols, wadda ba Bayahudiya ba ce, ta fito da Abie's Irish Rose. Abie Levy ya auri Rosemary Murphy, 'yar Katolika 'yar asalin Ailan, a ɓoye, ya kawo ta wurin ubansa da sunan Yahudawa na ƙarya. Ga sojan gona na biyu. Kafin a gama rikici sai da aka ɗaura musu aure sau uku, na farko a hannun fasto, na biyu a hannun malamin Yahudawa, na uku a hannun limamin Katolika. Iyaye maza biyu suka yi ta gaba har aka haifi tagwaye, mace da namiji, aka sa wa ɗaya suna daga wannan gida, ɗaya daga wancan, kowane kaka ya sami nasa. Masu sharhi sun yi wa wasan kaca-kaca, jama'a kuwa suka yi ta cika ɗaki har sau 2,327, sai a 1927 aka rufe. Rauninsa a fili yake: addini a cikinsa bai wuce lafazi da irin abinci ba, saboda haka sulhun ya zo da araha. Idan ba a nuna wa mai kallo abin da uba yake tsoron rasawa ba, to saukowarsa ba ta da wani nauyi.

Sojan gona na uku ya zo a 1989, a birnin Chicago, cikin wasan James Sherman mai suna Beau Jest. Sarah Goldman tana da saurayi wanda ba Bayahude ba, ta gaya wa iyayenta sun rabu, ta kuma ƙirƙiro wani likita Bayahude ta ce shi take nema. Da iyaye suka matsa sai sun gan shi, ta yi hayar wani ɗan wasa ya zo ya zama likitan. Sai da ya iso ta gane shi ma ba Bayahude ba ne. Da me zai tsira a teburin cin abinci na ranar salla? Da abin da ya koya sa'ad da ya taɓa fitowa a Fiddler on the Roof. Iyaye suka ƙaunace shi, ita ma daga baya ta kamu da son sa, ƙarya ta tonu. A dubi yadda abu ya juya. A wurin Goldfaden saurayi ne ya yi shiri don ya kuɓutar da yarinya daga auren tilas. A nan kuwa babu mai tilasta wa Sarah, babbar mace ce mai aikinta da ɗakinta. Tsoron ɓata wa iyaye rai shi ne ya ɗaure ta, wanda sau da yawa ya fi bulala ƙarfi.

Alƙaluma sun nuna dalilin da ya sa wannan jigo ya ƙi tsufa. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2020 ya nuna cewa cikin Yahudawan Amurka da suka yi aure kafin 1980, kashi 18 cikin 100 ne suka auri wanda ba Bayahude ba, amma cikin waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin binciken, kashi 61 ne. Abin da Tevye ya yi wa zaman makoki ya zama ruwan dare a cikin jikokinsa. A wani binciken na wannan cibiya a 2013, kashi 42 cikin 100 sun ce iya barkwanci yana cikin muhimman abubuwan da suka sa mutum ya zama Bayahude a ganinsu.

BAƘON CIKIN GIDA

Kada a ɗauka matsalar karɓa tsakanin Bayahude da na waje kaɗai take. Alfred Uhry ya rubuta The Last Night of Ballyhoo don bukukuwan wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, ya kuma ci lambar Tony ta wasan da ya fi kowanne a 1997. Labarin yana faruwa a Atlanta a watan Disamba 1939. Iyalin Freitag attajirai ne, kakanninsu daga Jamus suka zo tun da daɗewa, sun saje da maƙwabtansu har suna kafa itacen Kirsimeti a falo, gardamarsu kawai ita ce ko ya dace a ɗora masa tauraro. Hitila ya riga ya mamaye Polan, amma abin da ya dami uwar gidan shi ne wa zai kai 'yarta rawar shekara. Sai ga Joe Farkas, sabon ma'aikaci daga Brooklyn, wanda iyayensa daga Gabashin Turai suke, yana riƙe da addininsa. Ya gano cewa kulob ɗin da ake rawar ba ya son irinsa. Su waɗannan attajirai, waɗanda Kiristocin garin ba sa bari su shiga nasu kulob, sun kafa nasu sun kuma sami wanda za su hana shiga. Wanda aka raina ya nemi na ƙasa da shi ya raina. Ban ce komai game da mu ba, amma duk wanda ya taɓa jin an fasa aure don an binciko asalin kakan yaro ko sana'ar gidansu, ya san inda maganar ta dosa.

GADO

Wasa na ƙarshe da zan kawo shi ne Bad Jews na Joshua Harmon, wanda aka fara yi a Niyok a 2012. A nan babu uba ko uwa a dandamali, jikoki ne kaɗai, a ɗaki guda, daren da aka binne kakansu. Kakan ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, ya kuma fito da wata 'yar sarƙar zinariya mai ɗauke da kalmar Ibrananci "chai", wadda ma'anarta rai, tushenta ɗaya da "hayat" ta Larabci. A ƙarƙashin harshensa ya ɓoye ta har ya fito. Daphna, mai zafin addini da kaifin baki, ta ce ita ta cancanci ta gaje ta, don ita kaɗai ta damu da abin da sarƙar take nufi. Liam, wanda bai damu da addini ba, yana so ya ba budurwarsa Melody, wadda ba Bayahudiya ba ce, don da wannan sarƙa kakan ya nemi kakarsu da aure. Zagin da suke yi wa juna yana sa dariya ƙwarai, amma marubucin bai ba kowa gaskiya duka ba. Daphna tana tsoron ranar da za a wayi gari babu sauran mai tuna komai, Liam kuwa yana ganin ba a auna mutum da jininsa. A ƙarshe ƙanen Liam, Jonah, wanda ya yi shiru tun farko, ya kwance bandejin da ke hannunsa, sai ga lambar da aka yi wa kakansa a sansani, ya sa an zana masa ita a fatarsa. Wanda bai ce uffan ba shi ya fi kowa ɗaukar gadon.

KAMMALAWA

Jama'a, daga Goldfaden zuwa Harmon shekara 136 ke nan, tambayar kuwa ba ta sake ba: ina iyakar lanƙwasawar gida kafin ya karye, kuma idan ya ƙi lanƙwasawa, wa zai rage a cikinsa? Waɗanda suka fi kyau a cikin wasannin nan ba su mai da mai riƙo da addini wawa ba, ba su kuma mai da yaron da ya fita shaiɗan ba. Sun ba kowa hujjarsa, suka bar mai kallo ya tafi gida da nauyin hukunci.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu, darasin a nan yake. Tun daga Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wasan Hausa ya saba shiga cikin gida ya taɓa aure da tarbiyya, kuma muna da masu ban dariya da ba su da na biyu. Amma sau da yawa mukan yi gaggawar yanke hukunci, kafin a rufe labule an riga an nuna mai laifi an yi masa wa'azi. Sa'an nan idan baƙo ya shigo wasanninmu, Bamaguje ko Bafillace ko Bayarabe, galibi don a kwaikwayi hausarsa ne a yi dariya. Ina so in ga ɗalibin da zai rubuta mana uban da yake da gaskiya, da 'yar da ita ma take da gaskiya, ya sa mu dariya a kansu duka biyu ba tare da mun raina ko ɗaya ba. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, amma a ganina mai hankali ya fi wawa bukatar wannan hanya, don shi ne girman kai ke hana shi sauraron ta kai tsaye.

Ga ma'aikatanmu kuwa, waɗanda aiki ke jefa su garuruwan da ba nasu ba, 'ya'yansu suna tashi tare da 'ya'yan wasu, ba na jin maganar nan tana nesa da ku. Ba ni da ikon gaya wa kowa abin da zai yi ran da tasa Chava ta zo masa da magana, wannan tsakaninsa ne da addininsa da zuciyarsa. Abin da na sani shi ne, dattijon unguwarmu da na ambata da farko, 'yarsa ta zo ran sadakar bakwai, ta tsaya a ƙofar gida ta kasa shiga, sai da wata gwaggonta ta fito ta kamo hannunta.